Bolt, amfiya, om da wat: me ya sa wayar batir ke zafi alhali ta dutsen guga ba ta yi?

Tambaya: "Malam, ina koyon aikin wuta a Marwa. Na auna wata hitar dafa ruwa tana cikin aiki, na samu bolt 220 da amfiya 4.5. Yaya zan fitar da turjiyarta da yawan wat ɗin da take ci? Sannan na ja wa yayana wuta daga batir mai bolt 12 zuwa shagonsa, nisan kamar mita goma, da waya 1.5. Fitilu ne da fanka da wurin cajin salula, duka wat 120. Wayar tana zafi, fitilun kuma sun dushe. Amma irin wannan wayar a gida tana ɗaukar dutsen guga mai wat 1,000 lafiya lau. Ina matsalar take?"

Ƙanena, tambayoyin nan naka biyu uwarsu ɗaya. Bari mu fara da hitar, tunda ita ce mai sauƙi.

Abubuwa huɗu ne a lissafin. Akwai matsin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Akwai kwararar wuta, ita ce amfiya. Akwai turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om. Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato wat. Idan ka taɓa tsayawa wurin masu noman albasa suna ban-ruwa da inji, ka ga uku daga ciki da idonka: turin injin shi ne bolt, yawan ruwan da ke fita a bakin tiyo shi ne amfiya, ƙuncin tiyon da tsawonsa su ne turjiya. A littattafan makarantun Faransanci na nan Kamaru da na Chadi za ka ga ana rubuta matsin wuta da harafin U, littattafan da suka zo daga Najeriya kuma da V. Abu ɗaya ne. Haka nan inda ɗaya ya rubuta 4,5 ɗayan zai rubuta 4.5, kada waƙafin ya ruɗe ka. Ni U zan riƙe. Harafin R kuma turjiya ce, I kwararar wuta, P ƙarfin aiki.

Dokar da ta haɗa ukun farko, wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ta a 1827:

U = R × I

Tunda turjiya kake nema, sai ka juya ta: R = U ÷ I. Ka raba 220 da 4.5, za ka samu om 48.9, ka ce 49 kawai.

Wat kuwa bolt ne sau amfiya:

P = U × I

220 sau 4.5 ya ba ka 990. Hitarka ta wat 1,000 ce, kusan tabbas haka aka rubuta a jikinta. Goman da ta ɓace ba komai ba ce, maltimitar kasuwa, wato na'urar awon wuta, ba ta da daidaiton da za a yi gardama a kan wannan.

Daga waɗannan biyun ake fitar da wasu biyu, kuma a gaskiya su ne suka fi amfani a wurin aiki. Idan ka sa R × I a gurbin U, sai P = R × I × I. Idan ka sa U ÷ R a gurbin I, sai P = U × U ÷ R. Gwada su da hitarka: 4.5 sau 4.5 ya ba da 20.25, sau 48.9 ya dawo 990. Haka 220 sau 220 ya ba da 48,400, a raba da 48.9, 990 ne dai. Duk hanyar da ka bi gida ɗaya take kai ka, kuma ka saba da bin hanya biyu duk lokacin da lissafin ya shafi kayan mutane, don in ka yi kuskure a ɗaya ɗayar ta tona.

Ga inda ta biyun ke nuna amfaninta. Mu ce wuta ta yi rauni da magariba, kowa ya kunna kaya, bolt ya sauka zuwa 180. Zaren da ke cikin hitar bai canza ba, turjiyarsa tana nan kusan 49. To 180 sau 180, 32,400 ke nan, a raba da 48.9, ka ga wat 663. Bolt bai ragu da kashi ɗaya cikin biyar ba ma, amma aikin hitar ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa matar gida za ta ce hita ta lalace, ruwa ba ya tafasa da wuri, alhali lafiyarta ƙalau. Kafin ka kwance kayan mutum, fara auna soket ɗinsa. Kuma ka auna bolt da amfiya a lokaci guda, kayan na kunne. Bolt ɗin safe da amfiyar dare ba su haɗuwa a lissafi ɗaya.

Yanzu shagon yayanka.

Abin da ya ruɗe ka shi ne ka kwatanta wat da wat: 120 a nan, 1,000 a can. Waya ba ruwanta da wat ɗin kayan da ke ƙarshenta. Abin da ta sani shi ne amfiyar da ke ratsa ta. Juya lissafin ka gani: I = P ÷ U. Dutsen guga, 1,000 a raba da 220, amfiya 4.5. Kayan shago, 120 a raba da 12, amfiya 10. Ashe ƙaramin kayan nan ya ɗora wa wayar fiye da ninki biyu na abin da dutsen guga ke ɗora mata.

Ita ma wayar tana da tata turjiyar, ko da ƙanƙanuwa ce. Jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin milimita murabba'i ɗaya yana da om 0.0175, ko kusa da haka. Ana ninka wannan da tsawo, a raba da kauri. A nan ne yara masu koyo suka fi tuntuɓe: nisan mita goma ne, amma wuta sai ta je ta dawo, saboda haka waya mita ashirin ce. 0.0175 sau 20, a raba da 1.5, wato kaurin wayarka a milimita murabba'i, ya ba da om 0.23. Kamar ba komai ba, ko? To sa shi cikin lissafin.

Da dutsen guga: 0.23 sau 4.5, bolt ɗaya da ɗan ɗoriya ne ke zubewa a hanya. Cikin 220 wa zai lura? Zafin da wayar ke fitarwa kuwa R × I × I ne, bai kai wat biyar ba, ya bazu a tsawon mita ashirin.

Da batir: 0.23 sau 10, bolt 2.3 sun tafi a hanya. Cikin 12 wannan kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. Fitilun yayanka ba bolt 12 suke gani ba, ƙasa da 10 ne ke isa gare su, ga dalilin dushewar. Zafin kuma 10 sau 10 sau 0.23, wat 23, ninki biyar na wancan. Wutar da aka wuni ana tarawa a batir, ana dafa roba da ita a jikin bango.

Ka lura da yadda amfiya ke shiga lissafin zafi sau biyu. James Joule na Ingila ne ya tabbatar da haka da gwaji wajajen 1841. Amfiya ta ninka, zafi ya ninka sau huɗu. Ta ninka sau uku, zafi sau tara. Duk wata waya da ka ga ta narke, duk soket da ya yi baƙi, wannan ninkin ne ya ci su.

Magani iri uku ne, ka zaɓi wanda aljihun yayanka zai ɗauka. Mafi araha, a matso da batir kusa da kayan, tsawo ya ragu. Idan nisan ya koma mita biyu da rabi, asarar ta koma kwata. Ko a canza waya zuwa mai kauri 6: turjiyar ta sauka zuwa om 0.058, bolt ɗin da ke zubewa ya koma kamar 0.6, zafin kuma kusan wat shida. Ko kuma a haɗa batir biyu a jere su ba da bolt 24, in kayan masu karɓar 24 ne. A lokacin wat 120 amfiya biyar kawai yake bukata, kuma a kan tsohuwar wayarka ta 1.5 asarar za ta zama 5 sau 5 sau 0.23, kusan wat shidan nan dai. Ninka bolt sau biyu ya yi daidai da ninka kaurin waya sau huɗu.

Wannan dabarar ce ake kawo mana wuta da ita. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, injinanta huɗu ne masu megawat 18 kowanne, jimilla 72. Layin da ke tsakanin Garwa da Marwa mai bolt 90,000 ne. Da za a ce a turo megawat goma a kan bolt 220, amfiyar za ta haura 45,000, kuma babu wayar da za a rataya a falwaya ta ɗauki wannan. A kan bolt 90,000, da lissafi mai sauƙi, amfiya ɗari da 'yan kai ce. Sai wuta ta iso gari taransfoma ta sauke ta. Kai a shagon yayanka akasin haka ka yi, ka ja wuta nesa a kan mafi ƙanƙantar bolt.

Amma akwai wani abu a bayaninka da bai kwanta mini ba. Wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai kauri 1.5, da amfiya 10 a cikinta, ɗumi take yi. Idan zafin naka ya kai wanda hannu ba ya jurewa, ko kana jin ƙaurin roba, to akwai ƙarin matsala, kuma zargina yana kan abu biyu.

Na farko ita kanta wayar. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 1.5 a jikinta alhali cikinta bai kai ba, roba ce aka ƙara wa kauri. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka gane. Turjiyar alminiyam kamar 0.028 ce a maimakon 0.0175, wato ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, saboda haka wat 23 ɗin nan zai koma 37. Kana iya kama wannan tun a shago kafin ka biya. Ƙunshin waya 1.5 mai mita ɗari, in ka auna daga baki zuwa baki, ya kamata ya nuna kusan om 1.2. Na 2.5 kuma kusan 0.7. Ka fara haɗa bakin igiyoyin maltimitar da juna ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, sai ka cire shi daga awon. In ƙunshin 1.5 ya nuna maka kusan om biyu ko fiye, ajiye wa mai shago kayansa.

Na biyu mahaɗa. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, ko kan batir da ya yi farin gishiri, ko sukurun da bai ɗauru ba, kowanne yana iya zama turjiya ta om 0.1. Sa shi a lissafi: 10 sau 10 sau 0.1, wat goma. Waɗancan wat 23 sun bazu a mita ashirin, waɗannan goman kuwa sun taru a wurin da bai fi kan yatsa ba. Daga irin nan gobarar shago ke tashi. Maltimita ba ta iya auna om 0.1 kai tsaye yadda za a amince, amma dokar Ohm ta ba ka hanya. Bar kayan a kunne, sa maltimita a awon bolt, ɗora igiya ɗaya kafin mahaɗar, ɗaya bayanta. In ta nuna bolt ɗaya alhali amfiya 10 ke wucewa, to 1 a raba da 10, ga om 0.1 nan. Mahaɗa mai kyau kusan sifili take nunawa. Bi layin gaba ɗaya haka, daga kan batir har fitila ta ƙarshe, za ka ga inda bolt ɗin ke zubewa.

Zafin garinmu ma yana da hannu. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Wancan 0.0175 na digiri 20 ne. A watan Afrilu a Marwa ko Kuseri ko Njamena inuwa ma tana haura 40, balle wayar da aka bi da ita ƙarƙashin kwano. In ta kai digiri 60, turjiyarta ta ƙaru da kashi 16 cikin ɗari, ga shi kuma babu sanyin da zai kwashe zafin. Ni a nan arewa nakan ƙara kauri mataki ɗaya a kan abin da jadawalin kaurin waya ya ce, musamman a cikin silin ɗaki.

To, kada ka ɗauki R = U ÷ I ka riƙa ɗora ta a kan kowane kaya. Hita, dutsen guga da risho na lantarki su ne masu biyayya, domin zarensu turjiyarsa ba ta canzawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Sauran kaya kowanne da halinsa.

Tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 100 a kan bolt 220, lissafi ya ce om 484. Cire shi ka auna da maltimita, za ka ga bai kai om 50 ba. Babu wanda ya yi ƙarya. Zaren in ya yi jawur turjiyarsa tana ninkawa fiye da sau goma, lissafin ya ba ka ta zafi, maltimita ta ba ka ta sanyi. Shi ya sa irin ƙwan nan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi.

Cajar salula, talabijin na zamani da inbata kuwa wat suke nema, ko ta halin ƙaƙa. Bolt ya ragu, sai su ƙara jan amfiya don su cike giɓin. Wannan ya shafi shagon yayanka: yayin da waya ke cin bolt, wurin cajin yana ƙara ja, wayar kuma tana ƙara zafi.

Mafi wahala shi ne duk abin da ke da mota a ciki a kan wutar gari: firji, famfon rijiya, injin niƙa. In ka auna naɗin wayar irin wannan motar ka samu, mu ce, om huɗu, lissafi zai ce amfiya 55. A aiki kuwa wataƙila biyar take ja, domin motar da ke juyawa tana haifar da nata bolt ɗin da ke ture na layi. Amma a daƙiƙar tashi, ko in wani abu ya riƙe ta ta kasa juyawa, amfiyar takan ninka sau da yawa. Ka ga dalilin ƙonewar kwamfuresar firji idan wuta ta yi rauni: ba ta da ƙarfin tashi, ta tsaya tana gurnani tana shan amfiya. Sannan a irin waɗannan kaya bolt sau amfiya ba wat yake ba ka ba, abin da ake rubutawa VA ne. Sai ka ninka da lambar da ke jikin farantin motar, wadda aka rubuta cos φ a gabanta. Bolt 220 da amfiya 5 sun ba da VA 1,100. In lambar 0.8 ce, wat 880 ke nan. Waya da fiyus amfiya biyar ɗin za su ɗauka cif, saboda haka da amfiya ake zaɓensu. Janareto ma shi ya sa ake rubuta ƙarfinsa da kVA, wato VA dubu.

Wata rana yayanka zai ce a sa masa inbata ya riƙa guga a shago. Yi masa lissafin a takarda tun kafin ya saya. Wat 1,000 a ɓangaren bolt 12 amfiya 83 ne, da asarar inbatar ya doshi 90 ko ya wuce. Wayar da ke tsakanin batir da inbata sai mai kauri irin ta batirin mota, kuma gajera. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 100Ah, wato amfiya 100 na awa ɗaya, 12 sau 100, yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya, kuma in na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Wato kayan shagon na wat 120 awa biyar za su samu, dutsen guga kuwa ɗan abin da ya wuce rabin awa.

Wajen awo kuma, ka kiyaye. Bolt ana auna shi ne a gefe, igiya ɗaya nan ɗaya can, ba a yanke komai. Amfiya sai an buɗe layi an sa maltimita a tsakiya wuta ta ratsa ta. In ka manta igiya a ramin amfiya ka cusa ta a soket, ka haɗa wayoyin biyu kai tsaye ke nan, in ka yi sa'a fiyus ɗin ciki ne kawai zai tafi. In ka samu hali sayi mai baki kamar filaya wadda ake maƙalawa a jikin waya, amma ka tabbata tana auna wutar batir, domin da yawa ta gari kaɗai suke gani, kuma waya ɗaya ake kamawa, ba biyun tare ba. Om kuwa ba a taɓa auna shi da wuta a jiki. Kuma ka lura da ƙananan haruffa: 20 mA amfiya 0.02 ce, 4.7 k kuma om 4,700. Wanda ya sa 20 a gurbin 0.02 amsarsa ta kauce sau dubu.

Jikinka ma dokar nan tana aiki a kansa. Hannu mai gumi, ƙafa a ƙasa mai laima, turjiyar mutum tana iya sauka zuwa wajen om dubu. 220 a raba da 1,000, amfiya 0.22, wato 220 mA. Na'urar kare rai da ake sa wa a allon wutar gida tana katsewa ne tun a 30 mA. Ka auna tazarar da kanka.

Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma batir in aka haɗa kawunansa yana iya tura ɗaruruwan amfiya, waya ta yi ja cikin daƙiƙu. Ba ka ambaci fiyus a bayaninka ba, ina kyautata zaton babu. Kafin ka taɓa maganar canza waya, gobe da safe ka sa fiyus mai amfiya 15 a kan jar wayar, dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Irin na mota ya isa. Bayan nan ka kunna kayan duka, ka auna bolt a kan batir, ka auna a bakin fitila mafi nisa, ka cire ɗaya daga ɗaya. In bambancin yana wajen biyu da rabi, kaurin waya ne da nisa. In ya doshi huɗu ko ya wuce, ka nemi wuƙa ka kankare silin wayar, sannan ka bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya.